Hannun Bawa a Kuncin Nana Hauwa

Bawa wanzami bai iya hira ba, kuma wannan babban aibi ne ga mai sana'a irin tasa. Kowa ya san abin da ke kai mutum gaban wanzami: rabi aski, rabi jin labarin gari. To shi Bawa sai ka zauna, ya jiƙa maka kai, ya wasa aska a fatar da ke kan cinyarsa, ya kama kunnenka yana juya ka kamar tunkiyar da ake tayawa, har ya gama ba abin da za ka ji daga bakinsa sai "duƙa" da "ɗago". Tun ina da gashi baƙi wuluk nake kai masa kaina, yau ga shi abin da ya rage bai cika tafin hannu ba, amma ban taɓa jin ya ce wane ya yi kaza ba. Na sha tsokanarsa. In ce, "Bawa, wai gaskiya ne abin da anka ce ya faru gidan su wane?" Sai ya danna mani kai ƙasa ya ce, "Musbahu, in ka motsa na yanke ka, kai ka jawo."

Ni mai awon hatsi ne a kasuwar Sabon Birni, kuma ba na ɓoyewa, bakina ba ya zama wuri ɗaya. Shi ya sa ma ni za ni ba da labarin nan, don in aka bar wa Bawa, da shi za a binne shi.

Asalinsa mutumin Turba ne, can ƙasar Isa. Wanzanci gado ne a gidansu. Ya buɗe ido ya tarar da ubansa da zabira a kafaɗa yana bin ƙauyuka: askin suna, cire beli, kaciya in sanyi ya shigo, ƙaho ga wanda jini ya yi wa yawa, da tsaga a fuskar jarirai. Yana saurayi ya biyo gulbi ya zo Sabon Birni neman nasa. Ya rasa inda zai shimfiɗa tabarma, sai wani dattijo mai fataucin kanwa da dabino ya ce ya zauna gindin itacen bedin da ke ƙofar gidansa. Daga nan ya zama wanzamin gidan.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. Wanzamin gida shi ke shiga har ƙofar ɗakin mai jego, shi ke ganin maigida ba rawani ba hula, shi ya san wanda ke da maruru a inda ba a faɗa. In kaka ta yi ana ware masa damin gero, in an yanka ragon suna akwai rabonsa, in Salla ta zo ba ya rasa riga. Shi kuma abin da yake biya da shi bakinsa ne. Abin da ya gani a gida, a gidan yake barinsa, in ya sa takalmi ya fito kamar bai shiga ba.

Dattijon ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, Kalilu babba da ƙanensa Sammani. Kalilu ya riƙe shago da gida, Sammani ya riƙe hanya. Yau yana Maraɗi, gobe Madawa, wani lokaci ya daɗe ba a gan shi ba sai dai direbobin kamyo, manyan motocin kaya, su kawo gaisuwarsa. A can wajen Tsibiri ya auro wata bazawara, Mairama, mace mai kunya wadda ba a jin muryarta ko a bayan katanga. Ta haihu yana kan hanya, aka yi suna ba ya nan. Yarinyar ta ci sunan tsohuwarsu, Hauwa'u, ana kiranta Nana Hauwa, aka kuma yi mata tsagar gidan, irin tamu ta Gobirawa wadda ke tashi daga gefen baki ta bazu zuwa kunne.

Tana cikin na ƙarshe da aka yi wa. Ba a daɗe ba malamai suka fara wa'azi a kai, ma'aikatan lafiya su ma suka sa baki. Wanzamai da yawa sun yi ta gunaguni, wai an kashe masu kasuwa. Bawa kuwa ya naɗe 'yar askar tsagar a tsumma ya jefa ta ƙasan zabira. Da aka zo da zancen cewa aska ɗaya na ɗaukar cuta daga kai zuwa kai, shi ne na farko a layinmu da ya koma sabuwar reza ga kowane mutum, ya ɓare takardarta a gabanka ka gani. Ba wanda ya sa shi dole.

Sammani bai yi tsawon kwana ba. Nana na tatata motar da ya shiga ta kife bayan sun wuce duwan, wato shingen kwastan na iyaka, aka binne shi can. Da Mairama ta gama takaba 'yan'uwanta suka zo daga Tsibiri za su tafi da ita da ɗiyarta, aka yi zama a zaure, suka fito suka koma ƙasarsu su kaɗai, fuska a murtuke. Mairama ta zauna a ɗakunan mijinta tana dakan fura tana renon ɗiyarta, ba ta sake aure ba har ta koma ga Mahaliccinta. Nana ta girma, Kalilu ya aurar da ita ga wani manomi a wani ƙauye bayan Tsamaye.

Kun san abin da ya sami ƙauyukanmu a shekarun nan, ba sai na fama maku ciwo ba. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyensu Nana, mijinta na cikin waɗanda ba su tsira ba. Ta iso gari da ƙafa, goyo a baya, ƙunshin kaya a ka, sauran 'ya'yanta riƙe da gefen zanenta. Ina za ta in ba gidan ubanta ba? Ta buɗe ɗakunan da aka haife ta ciki, ta share, ta zauna.

To a lokacin gari ya cika maƙil da masu gudun hijira, ɗaki ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Kalilu kuwa, wanda yanzu Alhaji ne, ya riga ya gama shirin fasa bangon ɗakunan nan ta waje ya mayar da su shaguna. Da farko ya fara da ɗaure fuska. Daga nan ya koma cewa yaran sun cika hayaniya. Da ya ga ba ta da niyyar tashi, sai ya saki kalmar da har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Wai agola ce.

Wai Mairama da cikin tsohon mijinta ta shigo gidan, ta haihu kafin watannin da shari'a ta sani su cika, don haka Nana ba ɗiyar Sammani ba ce, ba ta da ko tubali ɗaya a gidan. Mutane suka ce, haba Alhaji, ba kai ka aurar da ita ba? Ya ce riƙo ne, kowa na aurar da marainiyar da ya riƙa. Suka ce, to tsagar da ke fuskarta fa? Ya ce uwarta ce ta saci jiki ta kai ta Tsibiri aka yi mata, don ta liƙa masu ita. Kai jama'a! Mace ta mutu tana kabari, ba ta da bakin kare kanta, ka tono ta don shago. Har ya samo wasu tsofaffi biyu masu cin tuwo a zaurensa, suka ce sun tuna watan da aka ɗaura auren da watan da aka haihu. Mutanen da in ka tambaye su abin da suka ci jiya sai sun yi tunani.

Ya sa aka fitar mata da kaya tsakar gida ya garƙame ƙofa da kwaɗo. Mai unguwa ya yi iya ƙoƙarinsa, Alhaji ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe. Maƙwabta suka ba ta wani ɗan ɗakin ajiyar itace ta rakuɓe da 'ya'yanta, ga damina ta kawo kai. Da ta ga ba sarki sai Allah, ta kai ƙara kotun shari'a. In ta faɗi, ba ɗaki kaɗai za ta rasa ba. Za ta fito ba uba, ba dangi, 'ya'yanta ba su da inda za su nuna su ce gidan kakanmu.

Wa zai tsaya mata? Limamin da ya raɗa sunan ya rasu. Ungozomar ta rasu. Uwarta ta rasu. Dangin uwar sun yi fushi tun wancan zaman zaure, zumunci ya yanke. Ni ban halarci sunan ba, ina ƙauye wajen sayen hatsi. A cikin waɗanda suka shiga gidan ranar, mutum ɗaya ya rage yana numfashi ban da Kalilu, kuma gindin bedin Kalilu yake zaune.

Ina nan ina jiran layi ranar da Alhaji ya fito aski. Ya zauna, ya cire hula, ya ɗaga kai yana kallon rassan bedin.

Ya ce, "Bawa, itacen ga ubana ya dasa shi."

"Haka ne, Alhaji."

"Inuwa tai da daɗi ko?"

"Da daɗi, Alhaji."

"To madalla. Ni dai na taso na ji ana cewa wanzamin kirki kurma ne, kuma bebe ne."

Bawa ya goge reza a bayan hannunsa ya ce, "Ɗago."

Da Alhaji ya shige gida na fashe. Na ce, "Bawa, ka ji tsoron Allah! Kai ka san gaskiyar maganar ga. Marainiya ce fa, mijinta ko shekara bai yi a ƙasa ba. Za ka zura ido don damin gero?" Na faɗi wadda ta dace da wadda ba ta dace ba, har na ce masa abin da bai kamata a ce wa wanda ke riƙe da reza a kanka ba. Ya gama mani aski sumul, na tashi ina huci, na rantse ba za ni sake kawo masa kaina ba.

Abin da ya fi ci mani rai, kullum Nana sai ta wuce ta gabansa za ta ɗebo ruwa, ta rusuna ta ce, "Baba Bawa, ina kwana." Ya amsa. Ba ta taɓa roƙonsa ya yi mata shaida ba. Ta san inda tuwonsa ke fitowa, ta san kuma tsoho ne mai iyali, ga samari sun koma shagunan aski masu janareta da madubi, 'yan gidajen da ke kiransa askin suna su ne suka rage masa.

Ranar shari'a na rufe awo na tafi. Alƙalin ba tsoho ba ne, mutum ne mai sanyin magana, ba ya katse kowa. Kalilu ya yi bayaninsa tsaf, shaidunsa biyu na zaune a benci sun sha sababbin huluna. Alƙali ya juya ga Nana ya tambaye ta ko tana da mai shaida.

Ta ce, "Allah shi gafarta Malam, waɗanda sunka san haihuwata dut sun riga mu gidan gaskiya."

Sai muka ji an yi gyaran murya daga baya. Na waiga. Bawa ne tsaye bakin ƙofa, zabira a kafaɗa, da rigar Sallarsa, wadda Kalilun ne ma ya ɗinka masa.

Ya ce, "Saura ni."

Alƙali ya tambayi Nana ko ta yarda ya tsaya mata. Ta gyaɗa kai. Aka matso da shi gaba, aka ja masa kunne kan girman shaidar zur. Ya nemi a ce ta ɗan janye mayafi daga kuncinta. Ya dube ta ɗan lokaci.

Ya ce, "Wanga hannuna ne. Ba a Tsibiri anka yi ta ba, cikin gidan Alhaji na yi ta, ranar suna, da hantsi. Kowane wanzami ya san hannunai, in ana shakka a kira wanzaman garin ga dut su duba."

Alƙali ya ce, "Wa ya sa ka?"

"Allah shi gafarta Malam, a sana'armu ba a aza aska bisa fuskar jinjiri da umarnin mace, ko da uwa tai ce. Sai namiji daga dangin uba ya tsaya. Alhaji Kalilu shi ya aiko anka kira ni. Shi ya karɓo ta daga hannun ungozoma, ya kifa turmi ya zauna, ya aza ta bisa cinyarsa ya riƙe mata kai da hannu biyu. Na tambaye shi yadda ake tambaya, na ce, Kalilu, ta wane gida za ni yi? Ya ce mani, dubi fuskata ka yi."

Ban san wanda ya fara ba, amma sai ga idon kowa na tashi daga fuskar Nana zuwa ta Kalilu, ya sake dawowa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

Bawa ya ci gaba. "Sunan ma shi ya zaɓa, na uwarsa. Shi ya sa har yau bai iya kiran ta da Hauwa'u, sai dai Nana. Da Sammani ya rasu, mutanen Tsibiri sunka zo ɗaukarta da uwarta. Ina gindin bedi, zaure ba ya da ƙyaure, na ji da kunnena. Ya ce masu Mairama in ta so ta bi ku, amma ɗiyarmu ba ta ƙetare iyaka. Don haka uwar ta zauna, don haka danginta sunka yi fushi."

Alƙali ya dubi Kalilu ya ce, "Ka ji. Ka riƙe ta ko ba ka riƙe ta ba?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Alhaji ya yi 'yan kame-kame, ya ga dai ba zai iya dafa Alƙur'ani a kan wannan ba. Ya ce, "Na riƙe ta. Amma rufin asiri na yi ma ƙanena, don kar a yi da shi a gari."

"Wato tun ranar ka san wannan maganar da kake faɗa yau?"

"Na sani."

"Kuma da danginta suka zo, kai ka hana su ita?"

Ya ce, "Ni ne."

Nan fa Bawa, mutumin da ake roƙo ya yi magana, ya kasa haƙuri. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, kowa ya ci ladan kuturu dole shi yi mai aski. In ba tasu ba ce, shi goge mata abin da ya sa na yi mata, shi maido mata dangin uwarta, sannan shi zo shi yi musu."

Alƙali ya ɗaga masa hannu yana danne murmushi ya ce, "Malam Bawa, shaida aka kira ka, hukunci nawa ne." Ya yi 'yan rubuce-rubucensa, sannan ya ɗago. Ya ce wa tsofaffin nan biyu su tashi su tafi gida, ba zai saurare su ba. Kalilu ya zabura ya ce ai shaidunsa ne, haƙƙinsa ne a ji su. Alƙali ya ce masa, a hankali kamar mai karantar da yaro, wanda ya ƙulla abu da bakinsa da hannunsa, ya sa wasu suka yarda suka gina zamansu a kai, har suka rasa abin da ba zai dawo ba, in ya juyo daga baya zai warware don amfanin kansa, shari'a ba ta buɗe masa ƙofa. Ya ce, "Kai ka ce taku ce lokacin da faɗin haka ya yi maka daɗi. Uwarta ta ƙare rayuwarta a gidanku a kan maganarka. Ita kuma tana yawo da maganarka a fuskarta. Yau ba ka da bakin cewa ba taku ba ce." Ya yi umarni a cire kwaɗon nan kafin la'asar, a fitar mata da gadon ubanta, ɗakunan su faɗa cikin rabonta.

Na fito kotu ina ta washe baki kamar ni aka ba ɗakunan. Na tari Bawa zan rungume shi, ya kauce ya ce in bar shi, ya bar tabarmarsa ba kowa.

Ko da ya isa ya tarar an naɗe tabarmar an jefa ta tsakiyar hanya. Shi ke nan, zaman gindin bedi ya ƙare, damin kaka ya ƙare. Wannan ban yi mamaki ba, halin Kalilu ne. Abin da ya ƙona mani rai shi ne wasu gidajen da ba ruwansu da maganar su ma suka daina kiransa suna, wai wanzamin da ya buɗe baki sau ɗaya zai sake buɗewa. Ku ji fa! Mutanen da suka yi ta Allah wadai da Kalilu a majalisa, su ne suka fara juya wa Bawa baya. Na kafa masa 'yar rumfa da tsofaffin buhuna a gefen awona, rana na dukansa ta gefe tun daga azahar. Rantsuwar da na yi kuwa na yi kaffararta, na mayar masa da kaina. Na taɓa tambayarsa me ya sa bai gaya mani zai je ba, ya bar ni ina zaginsa. Ya ce, "Da na gaya maka, da kafin azahar Alhaji ya ji." Ban ji daɗin amsar ba, amma ban musa ba. Game da masu cewa ya tona asirin gida kuwa, cewa ya yi abin da ke bisa fuska ba asiri ba ne, ya ci gaba da wasa askarsa.

Ɗiyata Sumayya, wadda ke karatun lauya a Sakkwato, ta zo hutu na ba ta labarin da zumuɗi. Ta ce ai su ma a dokar shaida ta boko suna da irin wannan ƙa'ida, sunanta estofel, wato a toshe wa mutum baki da abin da shi kansa ya taɓa faɗa ko ya aikata. Na ce madalla, ashe ko'ina ana gane maƙaryaci. Ta ce, "A'a Baba, ba cewa aka yi ƙarya yake ba. Kotu ba ta ma bincika ko gaskiya ce ko ƙarya ba. Cewa aka yi shi dai ba shi da damar faɗa." Na ce ta tashi ta ba ni wuri, karatun nasu ba daɗin ji.

Amma yarinyar ta fi ni gaskiya, kuma 'yan gulmar gari sun riga ta ganowa. Suka shiga cewa ai alƙali bai ce ɗiyar Sammani ce ba, hana Alhaji magana kawai ya yi, da an bar tsofaffin nan sun yi bayani da an ji abin da ba a so. Nana ta samu ɗaki, ruwan sama bai taɓa 'ya'yanta ba, amma kalmar nan ta bi ta har bakin famfo. Mata su yi shiru in ta iso. Aka kira ɗanta jikan agola a wajen wasa, ya dawo gida da kuka. Ina ganinta tana wucewa ta kasuwa, kullum ƙara ramewa take, mayafi ja har kan hanci.

Wata safiya Bawa ya aske mani rabin kai ke nan sai ga ta. Ta durƙusa gefen tabarma ta gaishe mu. Ta dube ni kamar tana so in ba su wuri, ta ga halin da kaina ke ciki, ta haƙura.

Ta ce, "Baba Bawa, ka yi mani abin da ba ni iya biya. Ka rasa inuwarka saboda ni. Amma abu guda ya hana ni barci. Alƙali ya rufe bakin Baffa, bai ce mani komi ba game da ni. Tsakaninka da Allah, ni ɗiyar Sammani ce?"

Ni kaina na ji tausayi ya kama ni, na rasa inda za ni sa idona.

Bawa ya ajiye reza a kan zabira.

Ya ce, "Abin da ke cikin ciki Allah ɗai ya san shi, ni wanzami ne. Amma kawo hannunki. Taɓa kuncinki na hagu. A'a, sama, layin da ke kusa da kunne. Bi shi a hankali. Kin ji inda ya ɗan karkace?"

Ta bi da yatsa, ta tsaya. Ta ce, "Na ji. Tun ina yarinya nike ganinai a madubi."

"Atishawa kinka yi, aska na bisa fata. To da ubanki ya dawo daga Madawa, kina wata biyu ko uku, ko ƙurar hanya bai wanke ba. Ya saɓo ki a kafaɗa ya fito gindin bedi, idonai jawur. Ya ce mani, Bawa, dut yaran garin ga ka rasa wadda za ka karkace ma layi sai ɗiyata? Ɗiyata ta fari? Na ba shi haƙuri ya ƙi. Damina guda bai gaishe ni ba, wani wanzami ya riƙa kai ma kansa."

Na ce, "Kai Bawa! Kana da wannan a ciki ka ƙi faɗa a kotu?"

Ya harare ni. "Alƙali bai tambaye ni ba. Kuma ni in tsaya gaban jama'a in ce hannuna ya karkace?"

Nana ba ta ji mu ba ma. Yatsanta na nan a kan layin, tana bin sa sama da ƙasa, mayafin ya zame ba ta gyara ba. Hawaye na zuba, bakinta kuma na son yin dariya. 'Yan kasuwa na wucewa suna kallonta, ko a jikinta.

Ta ce, "Baba, sake faɗa mani yadda ya ce."

Bawa ya gyara zama, ya ɗaure fuska, ya ɗaga murya irin ta mai fushi, ya sake faɗa mata.